Sallamar da Baba Ya Yi wa Kabewa

Yaya Mwanaidi, ki ajiye duk abin da ke hannunki ki zauna, ko matar gidan naku tana kira ki ce mata kina banɗaki. Maganar kabewar Shomari ce. Na so in kira ki tun ranar, to kin san layin Maskat, kafin in ce "Yaya" ya ɗauke. Shi ya sa nake rubuto miki. Mwanaisha tana cinyata tana kai wa wayar cafka, in kin ga wani harafi ya ɓace laifinta ne.

Bari in faro miki daga farko, tunda ke kin tafi kafin a kawo su, ba ki taɓa ganinsu da ido ba. Guda uku ne, kowanne kamar tulu babba, launin cikin kabewa, shi ya sa duk garin nan ba mai ce musu komai sai kabewa. Gilashi ne mai kauri a ciki, an sa masa riga, an ɗaure shi a kan ƙarfe mai nauyi. Mutanen jami'a suka kawo su daga birnin Dar a bayan mota, shugabarsu wata mata ce, Dakta Atuganile, 'yar tsaunukan Mbeya, gajeruwa, ga dariya kamar ta Gwaggo Tatu. Ta tara maza a gindin mangwaron bakin ruwa ta yi musu bayani. Ta ce abin nan aikinsa sauraron motsin ƙasa a ƙarƙashin teku, irin girgizar nan da ta taɓa zubar mana da kwanuka muna yara. Ta ce asalin wurinsu can ne tsakiyar teku inda ba a taɓa ganin ƙasa ba, amma ba za ta jefa su can ba sai ta gwada su a nan kusa na 'yan watanni, ta ga ko ruwa zai shiga, ko suna ji da kyau, ko in an kira su za su taso.

Ni ina daga baya da cikina, na ji Baba ya yi gyaran murya.

"'Yata, wato yana ji?"

"Yana ji, Baba. Ya fi ni da kai ji."

"Dare da rana?"

"Ba ya barci."

"Shi kaɗai a can ƙasa."

"Shi kaɗai. Abin da nake roƙo, kada a jefa anka, ƙarfen tsayar da jirgi, a kansa, kada a ja taru ta wurin."

Baba ya ce to. Ya ci gaba da murza igiyarsa a cinya.

Jirgin Baba suka ɗauka haya don kai su. Shomari kuwa ya shiga aikin ne ta hanyar janareto. Nasu ya ƙi tashi, aka ce ga surukin Mshamu, wato Babanmu, makanike ne, ya zo ya gyara shi kafin shayin Dakta ya huce. Ta tsaya tana kallon yadda yake jera notuna a kan tsumma ɗaya bayan ɗaya, ta ce ya zo ya taya ta. Ta koya masa yadda ake rufe kabewa. Akwai wani zoben roba a bakinta, sai an goge shi fes, an shafa masa giris kaɗan, ko gashi ɗaya ya maƙale a wurin ruwa zai shiga. Biyu ta rufe da hannunta yana kallo, ta ukun ta ce shi ya rufe.

Kin san yadda Baba yake da Shomari. Tun ranar da ya zo daga Morogoro gyaran inji ya gan ni ya ƙi komawa, Baba bai daina tsokanarsa ba. "Surukina, kai da ruwa sai na alwala." Ranar da za a kai kabewoyin kuwa Baba ya sami abin da yake so. Ba su ma wuce Ƙofa ba, mashigar nan ta tsakanin duwatsu, Shomari ya rataye kai a gefe ɗaya, Dakta ta rataye a ɗaya gefen. Baba ya dawo yana ba da labari har sati, wai ya ɗauko masana biyu duk sun ciyar masa da kifi.

Biyun da Dakta ta rufe an kai su can kudu, bayan tsibirin tsuntsaye, inda ba mai zuwa kamun kifi. Ta Shomari aka sauke ta nan kusa, da an fita Ƙofa kaɗan.

Daga nan Dakta ta tafi da Shomari Dar don ya ƙara koyo, yana zuwa yana komawa. Na haihu yana can. Sauran kin sani, Yaya. Baba ya riƙe Mwanaisha, ya yi mata huɗuba, ya tauna mata dabino. Ba mu yi arba'in ba ya dawo daga ruwa wata rana ya zauna a tabarma ya ce ƙirjinsa, kafin la'asar shi ke nan. Ba zan sake sa ki kuka a kan wannan ba. Inna ta shiga takaba, ta shiga ɗaki ta kuma shiga shiru. In na kai mata abinci ta ce ajiye. In na kai mata jaririya ta riƙe ta kaɗan ta miƙo min. Gidan nan da kika sani, wanda in Baba ya dawo tun daga lungu ake jin warin man kifin da yake shafa wa jirgi, ya buga ƙofa mu ruga muna rigimar wa zai karɓi kwando, ya koma kamar gidan haya.

Da iskar kudu ta kwanta Dakta ta dawo ɗaukar kayanta. Baffa Faki, ƙanin Baba, ne ya tuƙa jirginsa. Duk garin ya fito bakin ruwa, har tsofaffin da ba sa fita. Yadda ake kiransu abin mamaki ne. Wani abu ake zurawa a ruwa da waya, ya yi ƙara, kabewar ta ji daga can ƙasa, ta saki ƙarfenta ta taso. Ta kusa mun ga tasowarta da idonmu, ta ɓullo tana lilo da 'yar tutarta, mata suka rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya. Zuwa azahar aka dawo da ukun duka. Aka buɗe, ko ɗigon ruwa babu. Ranar Shomari ya ci shinkafa da kwakwa faranti biyu.

Murnar ba ta kwana uku ba. Ya dawo gida da rana, ya zauna a kan turmi bai cire takalmi ba.

Na ce, "Baban Mwanaisha, lafiya?"

Ya ce, "Tawa tana ƙara."

Abin da ya faru, duk abin da kabewa ta ji tana ajiye shi, in an sa a kwamfuta sai ya fito kamar zane, layi yana tafiya yana rawa. Biyun Dakta layinsu lafiya lau, har sun kamo wata 'yar girgiza daga can nesa da mu ba mu ji ba. Tasa ma ta kamo, amma ban da wannan akwai wani ƙwanƙwasa a cikinta, kusan kullum, da safe da kuma wajen azahar. Dakta ta ce irin wannan yawanci wani abu ne bai ɗauru ba a ciki, in ruwa ya motsa sai ya riƙa bugun gilashi.

Ya ce ta ce masa, "Shomari, ban ce kai ne ba. Amma biyu na rufe, ɗaya ka rufe, kuma ɗayan ce take ƙara. Babban jirgi zai zo ya kai masu yawa tsakiyar teku, a can in abu ya kwance ba mai komawa ya ɗaure. Wanda zai rufe su sai wanda ba ni da shakka a hannunsa."

Ba ta yi faɗa ba, shi ne ma abin ya fi yi masa ciwo. Da ma ta yi masa alkawarin in gwajin ya yi kyau, a nan garin za a buɗe wurin haɗa su, a tsohon ɗakin shanya kifi, shi zai riƙe. In babu wannan, Yaya, kin san abin da ya rage. Injinan garin nan ba su kai su ciyar da gida ba. Sai ya koma Dar ya ci gaba da acaɓa. Ni kuma ko in bi shi ɗakin nan na unguwar Tandika da kika taɓa kwana a ciki kika ce kabari ya fi shi iska, in bar Inna ita kaɗai da takaba, ko in zauna in raini 'yarsa ba shi. Na juya abin ta kowace fuska ban ga mai daɗi ba.

Shi kuwa ya rantse ya ɗaure komai. Ya roƙi Dakta ta mayar masa da zanen ya zama sauti, ta saka masa a waya, wai zai gane wane ƙarfe ne ke bugawa. Ya kwaso kayan gyara ya baza a tsakar gida. Ya kunna wayar ya saurara, ya ɗauki sifana ya buga wani abu, ya girgiza kai, ya buga wani. Ya buga kwalba, ya buga murfin tukunyata, har bokitin wankan Mwanaisha bai bari ba.

Na ce, "In ka fasa min bokiti, kai da kabewar za ku koma Morogoro tare."

Bai ko yi murmushi ba.

Ni ban saurari sautin da kyau ba, gaskiya. Wani gurnani ne kamar ka sa kunne a bakin tulu, sai can ka ji ƙwas, ƙwas. Ina kankare kwakwa bayan la'asar, shi yana ta kunnawa, sai muka ji murya daga ɗaki.

"Wa ke ƙofa?"

Na ce, "Ba kowa, Inna. Waya ce."

Ta ce, "Shomari, kawo nan."

Tun rasuwar ba ta kira sunan kowa ba. Ya tashi ya je bakin ƙofarta ya durƙusa, na bi shi da kwakwa a hannu. Ta ɗaga labule. Ta ce ya sake kunnawa. Ya kunna. Bugu biyu masu nauyi, sai a ɗan tsaya, sai ɗaya a hankali kamar mutum ya tuna da wani abu.

Inna ta ce, "Babanku ne."

Yaya, sai da ta faɗa na ji. Ke ma kin sani. Haka yake buga ƙofa, haka yake buga gefen tire in yana son ƙarin shayi, haka yake buga mana katakon gado da asuba mu tashi sallah. Na zauna a ƙasa inda nake.

Shomari ya ce, "Inna, wannan daga ƙarƙashin teku aka ɗauko."

Ta ce, "Ko daga ƙarƙashin me aka ɗauko. Shekara nawa ina buɗe wa hannun nan ƙofa? Ka je ka tambayi Faki." Ta saki labule.

Na goya Mwanaisha muka tafi. Mun sami Baffa a gindin kuka yana ɗinkin taru, da Makame mai ido ɗaya suna musun ƙwallo. Shomari ya gaishe su ya kunna wayar. Baffa ya karkata kai, ya ajiye allurar.

"Allah ya jiƙan Yaya. A ina ka samo sallamarsa?"

"Wace sallama, Baffa?"

"Ta kabewa mana."

Shomari ya dube ni, na dube shi.

Baffa ya ce, "Washegarin da muka sauke ta, mun zo fita Ƙofa, Yaya ya ɗaga sandar tuƙi ya buga gefen jirgi. Na ce me? Ya ce baƙo ne a garinmu, yana kwance shi kaɗai a duhu, kuma an ce yana ji. Mu bi ta kansa kullum ba ko hodi, ba ko sallama? Shi ke nan. Da fita a buga, da dawowa a buga."

"Ku biyu?"

Makame ya ce, "Wane mu biyu. Kowa. Wanda ya manta ma sai an yi masa tsiya, a ce ba a yi masa tarbiyya ba."

Shomari ya dafe kai. "Baffa, inji ne fa. Ba mutum ba ne."

"To waye ya ce mutum ne? An ce yana ji."

"Me ya sa ba wanda ya faɗa min?"

Baffa ya ɗauki allurarsa. "Ka taɓa ganin wanda ya dawo gida ya ce, yau na gaida mutane a hanya? Kuma kai ina muka gan ka? Kana Dar. In kana nan ma ba ka shiga ruwa. Matar nan ta ce kar a jefa anka, ba mu jefa ba. Ta ce kar a ja taru, ba mu ja ba. Ban ji ta hana sallama ba."

Da safe Shomari ya kawo Dakta gida. Da yake mace ce ta shiga har wurin Inna, ta cire takalmi ta zauna a tabarma ta yi mata gaisuwa. Da aka gama ba ta labari ta rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunta suna rawa, ban san dariya take ko kuka ba, ina jin duka ne. Ta ce ita ma wani abu ya dame ta, ta lura ranar Juma'a da safe ƙarar ba ta zuwa, har ta ce a ranta ko tekunmu ma yana zuwa masallaci.

Na ɗauka shi ke nan an gama. Sai ta ce a'a.

"Inna, na yarda da kunnenki. Amma aikina bai yarda da ni kaina ba sai na gwada. Yana yiwuwa ana sallama kuma akwai abin da ya kwance, duka biyun."

Inna ta ce, "Gwada, 'yata. Shi ma haka yake, sai ya ja ƙulli da haƙori kafin ya yarda ya ɗauru."

Ga yadda ta tsara. Shomari zai sake rufe kabewarsa shi kaɗai, ita ba za ta ko taɓa ba. A mayar da ita inda take. Rana ta farko ba wanda zai buga komai. Rana ta biyu a buga. In ta yi ƙara ranar da ba a buga ba, to hannunsa ne.

Na je kallon rufewar ta taga. Gumi yana zuba masa, ya ɗaura tsumma a goshi kar ya ɗiga a kan zoben. Ya rufe ta tsaf.

Ranar shirun nan, Yaya, da kina nan da kin yi dariya har kin faɗi. Liman da kansa ya yi sanarwa bayan sallar asuba cewa yau kar wanda ya gaida kabewa. Maza suka fita kamar an aike su sata. Baffa ya ba Makame sanda ya zauna a kan hannayensa har suka wuce. Makame ya ce shi dai ya motsa baki a hankali, wai wannan ba bugu ba ne. Tsoho Kombo kuwa ya ce shi ba zai iya ba, ya zagaya ta kudu, ya ɓata rabin safiya, ya dawo da kifi ɗan kaɗan matarsa tana ta masifa. Wasu ma ba su fita ba sam, wai gara asarar yini da rashin kunya.

Rana ta biyu na ce sai na bi su. Shomari ya ce jaririya fa? Sai Inna ta miƙo hannu daga bayan labule ta ce, "Kawo ta." Ta karɓe ta ta sa a kafaɗa, ba ta miƙo min ita ba.

Rabona da shiga jirgin Baba tun kafin aure. Komai yana nan. Rabin jarkar nan da muke kwarfe ruwa da ita, wadda kike cewa taki ce don ke kika yanka. Katakon baya inda yake zama ya yi santsi ya lotsa daidai jikinsa, Baffa ma ba ya zama a wurin, a gefe yake raɓewa. Na tuna ranar da ya fita da mu biyun ba da sanin Inna ba, ya gasa mana kifi a tsibirin tsuntsaye, ya ce in muka faɗa zai ce mu muka sace jirgin. Muna isowa gida kika faɗa. Da muka zo Ƙofa Baffa ya nuna min gefen dama, wurin da katako ya ɗan ƙwarzane ya yi fari. Ya ce nan yake bugawa.

Dakta tana riƙe da agogo da lemun tsami, tana lasa don kar ta yi amai. Ta ce a buga. Baffa ya ɗaga sanda ya yi bismillah ya buga. Sauran jirage suka biyo baya kowa ya buga nasa, wasu har da ƙari, wai ramuwar jiya.

Da yamma aka kira ta ta taso. Aka kai ta ɗakin shanya kifi aka buɗe. A bushe. Dakta ta jona waya, mu kuma muka cika ƙofa da taga. Ta daɗe tana kallon kwamfuta tana matsawa gaba tana dawowa baya. Shomari ya fita waje ya tsaya ya juya mana baya.

Can ta ce, "Ku kira min shi."

Ya shigo. Ta juya masa kwamfutar. Ranar shiru, layin ya tafi sumul daga safe har dare, ba ko ƙwas ɗaya. Ranar bugu kuwa ga su nan a jere, daidai lokacin da ta rubuta da agogonta.

Ta ce, "Hannunka lafiya lau. Kabewarka ma ta fi nawa shan gwaji, don nawa ba wanda ya kula su."

Baffa daga taga ya ce, "Allah sarki, marayu."

Aka kwashe da dariya. Shomari bai yi ba, ya zauna a kan akwati ya sunkuyar da kai, Makame yana bubbuga masa baya yana cewa surukin Mshamu ya fita kunya.

Da mutane suka watse Dakta ta ce in tsaya. Ta buɗe min na watannin baya, tana nuna min da biro. Ta ce yanzu da ta san abin da take kallo, har ta fara bambance hannaye. Na Baba ne kullum na farko, kuma ya fi na kowa nauyi. Ta matsa zuwa wata rana ta ce wannan ta kasa ganewa, bugun ya ƙi ƙarewa, kamar ana kiɗa. Ta faɗi ranar. Na ce ai ranar na haihu.

Na leƙa na kira Baffa. Ya ce e, ya tuna. An aiko da labari suna shirin fita, Baba ya ce a tafi, ba kyau namiji ya tsaya a ƙofar mai jego. Da suka zo kan kabewa ya ajiye sanda ya kama gefen jirgi da tafi biyu yana kiɗa kamar yaro, yana cewa, "Kana ji? Na yi jika. Mace ce." Baffa ya ce sai da ya ce masa, Yaya, kifi za su gudu.

Ni kuwa da ya dawo ranar, abin da ya ce min kawai, "Sannu. Allah ya raya." Ya ajiye kifi ya fita. Har na ɗan ji haushi a lokacin, na ce ko don ba namiji ba ne.

Dakta ta ɗan matsa gaba, akwai inda layin ya tafi shiru ba Juma'a ba. Kwanakin zaman makokin Baba ne. Bayan nan bugun ya dawo, amma na Baffa ne a gaba.

To Yaya, an ɗauki Shomari aiki. Ba za mu Tandika ba. An fara share ɗakin shanya kifi, za a sa masa siminti da taga mai gilashi, don Dakta ta ce ƙura da ƙwayar yashi su ne abokan gaba. An ba shi wata farar riga har gwiwa, in ya sa yara suna binsa suna ce masa likitan kabewa. Babban jirgin zai zo kafin iska ta juya, kuma dole ya shiga, ya kwana a teku. Ya fara tara lemun tsami tun yanzu.

An ɗan yi rigima a kan ta gwajin da za a bari a Ƙofa. Dakta ta ce a daina bugu, dattawa suka ce yini ɗaya suka yi mata don darajar Mshamu, ba za su iya kullum ba. Aka yi ta ja har ta gaji ta ce to, jirgi ɗaya ya riƙa yi a madadin kowa, da fita kawai, ita ma zai yi mata amfani ta san abin yana raye. Aka ba Baffa. Kombo har yau yana cewa an yi son kai.

Inna ta fara fitowa tsakar gida da hantsi, Mwanaisha a cinyarta. Jiya ta ce miyata ba gishiri. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na jiya ba.

Yanzu ga aikinki. Ki kira Gwaggo Tatu a Mombasa ki faɗa mata, don ni in na kira ta ba za ta bar ni in kai ƙarshe ba. Ki faɗa wa Yaya Nassoro ma, amma shi a hankali, ki bari sai ya sauka daga mota tukuna, kin san shi da kuka. Sannan 'yan garinmu da ke nan Maskat, Zuhura da 'yar gidan Kombo, in kun haɗu ranar hutu ki karanta musu duka, kar ki tsallake wurin da babanta ya zagaya ta kudu.